Famfon da ya koma dutse: tambayoyi da amsoshi kan maɓuɓɓugar Tepee ta garin Thermopolis

Wanda ya fara ganin hotonsa yakan ɗauka suri ne, wani kuma ya ce rumbu ne da aka yi wa yaɓe da farar ƙasa. Yana tsaye a cikin lambun shaƙatawa na wani ƙaramin gari a Amurka, ruwan zafi na ɓulɓulowa daga ƙoƙon kansa yana bin jikinsa zuwa ƙasa, jikin nan kuwa zane-zane ne, fari da ruwan ɗorawa da kore da ruwan ƙasa. Sama da shekara ɗari ke nan yana ƙara ƙiba, kuma har yau bai daina ba. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kansa.

Mene ne wannan abu, kuma a ina yake?

Sunansa Tepee Fountain, yana cikin gandun shaƙatawa na Hot Springs State Park, a gefen garin Thermopolis da ke jihar Wyoming. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su cika dubu uku ba a ƙidayar 2020, kuma kogin Bighorn ne ya ratsa ta wurin. Sunan garin daga harshen Girka aka ɗauko shi, ma'anarsa birnin zafi.

A shekarar 1909 aka kafa famfon, kuma dalilin kafa shi bai wuce na aikin famfo ba. An ja ruwan zafi a bututu zuwa sassan gandun, tururi na taruwa a ciki, sai aka miƙar da wani bututu sama don ya riƙa huce wa sauran. Aka kewaye shi da ɗan gini mai tsini, siffar tantin fata na 'yan asalin ƙasar, wanda ake kira tifi. Daga nan sunan ya samo asali. Ruwan da ke fita ta saman bututun ya riƙa bin jikin ginin yana barin farin ɓawo, yau kaɗan gobe kaɗan, har ginin ya ɓace a ciki. Abin da ake gani yanzu ya ninka tsayin mutum, tsinin nan kuma ya tafi, ya zama kamar tulun da aka kifa.

Da gaske dutse yana girma?

Yana girma, amma girmansa ta waje ne. Itace da ɗan Adam daga ciki suke ƙaruwa. Shi wannan lulluɓi ake yi masa, shafi kan shafi, kamar yadda ake ƙara wa katangar ƙasa yaɓe kowace shekara kafin damina.

Kafin a je Amurka, a fara leƙa butar mai shayi. A unguwar da ake shan ruwan burtsatse mai zartsi, irin wanda sabulu ke ƙin yin kumfa a cikinsa, in ka buɗe murfin butar da ta yi wata shida a kan wuta za ka tarar da gindinta ya yi farin ƙanzo mai kaushi. Ka kankaro shi da cokali, yana fitowa ɓawo-ɓawo kamar ƙwanson ƙwai. Ka ɗiga masa ruwan lemon tsami, ka kawo kunnenka kusa, za ka ji yana ƙara siii, yana 'yan kumfa. Wannan ƙanzon da dutsen Thermopolis kusan abu ɗaya ne: sinadarin kalsiyam kabonet, wanda shi ne jikin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar ana yin siminti da shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Ruwan sama in ya nutse ƙasa yana kwasar iskar kabon, irin gas ɗin da ke cikin kwalbar lemo. Ruwan da ya sha wannan iskar yakan yi ɗan tsami, tsamin da harshe ba ya ji amma dutsen farar ƙasa yana ji, domin a hankali yake narkar da shi. Can ƙarƙashin ƙasa akwai matsi mai yawa, kamar kwalbar da ba a buɗe ba, don haka iskar tana nan cikin ruwan, narkakken dutsen ma yana nan. Da ruwan ya fito sarari an buɗe kwalba ke nan. Iskar ta tsere, ruwan ya rasa ƙarfin riƙe kayan da ya ɗauko, sai ya sauke su a kan duk abin da ya bi ta kansa, ko bututu ne, ko ganye, ko ƙasa. Wato dutsen da ke kan famfon nan tsohon dutse ne da ruwa ya sato daga ƙasa ya kawo sama ya sake ginawa.

Ba hucewar ruwan ce ke sa shi daskarewa ba?

Haka ake yawan bayyana wa baƙi, kuma da ganin ruwa mai tururi yana sauka yana barin dutse, hankali zai karɓa. Mun saba da man shanu da kitse, da sun huce sai su sandare. Sai dai wannan sinadarin halinsa dabam ne: ya fi narkewa a ruwan sanyi, ruwan zafi ne ke korar sa. Shi ya sa ƙanzon yake fitowa a butar da ke kan wuta, ba a randar da ke inuwa ba. Babban dalili shi ne ficewar iskar kabon. Duk inda ruwan ya fantsama, ko ya shimfiɗu sirara a kan dutse, ko ya faɗo daga gaɓa, nan iskar ta fi samun hanyar fita, nan kuma dutsen ya fi saurin taruwa. Ƙafewar ruwa a rana da 'yan halittun da ke zaune a jikin dutsen suna taimakawa su ma.

Ina ganin wannan bambancin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana siffar abin. Bakin kowace gaɓa shi ne inda ruwa ke karyewa, don haka bakin ke fara kauri, ya yi leɓe, leɓen ya zazzago kamar kakin kyandir. Duk wani lanƙwasa da ke jikin famfon sawun ruwa ne.

Daga ina ruwan yake, kuma me ke dafa shi?

Kudu da garin akwai duwatsun Owl Creek. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara suna shiga ta tsagogin duwatsun, su bi shimfiɗun dutsen farar ƙasa da ke gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Ko'ina a duniya, gwargwadon nitsewarka gwargwadon zafi, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya. Ruwan yana yin nisa sosai, ya ɗumama, sannan ya iske inda shimfiɗun suka tanƙwaro sama suka tsage a daidai Thermopolis, nauyin ruwan da ke bayansa ya turo shi waje. Babbar maɓuɓɓugar, wadda suke kira Big Spring, tana fitar da ruwa mai zafin da ya haura digiri 50. Hannu ba ya jure shi.

Mutane kan zaci wutar dutsen da ke ƙarƙashin Yellowstone ce, wato gandun da ya yi suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi, tunda jiha ɗaya ce. Masana ƙasa sun danganta zafin Thermopolis da zurfin da ruwan ke kaiwa, ba da narkakken dutse ba.

Launukan nan fenti ne?

A'a. Dutsen kansa fari ne ko ruwan madara. Kore da ruwan ɗorawa da ruwan goro na ƙananan halittu ne, dangin gansakuka da bakteriya masu son zafi. Kowane iri yana da zafin da ya fi masa daɗi, shi ya sa launin ke sauyawa daga sama, inda ruwan ya fi zafi, zuwa ƙasa inda ya huce. Gefen da ruwa ya daina bi kuwa yakan koma fari fat, daga baya ya yi toka-toka.

Me ya sa wurin ke wari?

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai iskar farar wuta a cikinsa, warinta kamar na ɓaragurbi. Baƙo ne ya fi jin sa.

Me ake kiran irin wannan dutse?

Tirabatin. Sunan ya fito daga garin Tivoli, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Rum na Italiya, wanda a da ake kira Tibur. Rumawa sun ce masa dutsen Tibur, baki ya yi ta murɗa sunan har ya zama haka. Da shi suka gina katafaren filin wasan nan na Kolosiyam, kuma har yau ana haƙar sa a Tivoli.

Mai yiwuwa ka taɓa taka shi ba ka sani ba. Tayil ɗin nan mai launin madara, mai 'yan ramuka kamar burodi, da ake shimfiɗawa a manyan otal da gidaje, sau da yawa tirabatin ne ko kwaikwayonsa, kuma Turkiyya da Italiya da Iran na cikin manyan masu fitar da shi. Ramukan gurbin kumfar iska ne da na tsirrai da dutsen ya lulluɓe suka ruɓe. In ruwan sanyi ne ya gina shi a kan gansakuka, yakan fito da ramuka masu yawa, ba nauyi, shi kuma ana ce masa tufa.

Yaya saurin girmansa?

A ma'aunin duwatsu, gudu yake yi. Yawancin duwatsun da muke gani sun ɗauki dubban dubban shekaru, wannan kuwa kakan wani ya ga farkonsa, jikan yana tsaye a gindinsa yana ɗaga kai. Saurin ya dogara da yawan ruwan da ke bi da yawan sinadarin da ya ɗauko. A Mammoth Hot Springs ta Yellowstone an ƙiyasta ruwan na sauke kusan tan 2 na dutse kowace rana. A garin Knaresborough na Ingila akwai wata rijiya da ake kai wa ziyara tun 1630, inda ake rataya 'yar tsana ta ƙyalle a ƙarƙashin ɗigon ruwan, cikin wata uku zuwa biyar ta yi tauri. Mutanen zamanin da sun ce maita ce. 'Yar tsanar tana nan a ciki yadda take, riga ce ta dutse aka sa mata.

Wannan saurin ciwon kai ne ga masu aikin ruwa. Magudanar da Rumawa suka gina don kai ruwa birnin Cologne na Jamus ta tara ɓawon da ya kai kaurin santimita 30 a wasu wurare, har mutanen baya suka riƙa yanko shi suna gogewa suna yin ginshiƙan coci da shi.

To aikin mutum ne ko ikon Allah?

Mutum ya kafa bututu, ya ɗora 'yan duwatsu, ya tafi. Wanda ya yi wannan aikin bai zana abin da ake gani yau ba, kuma da wuya ya hango shi. Sauran duka ruwa ne ya yi, bisa ɗabi'ar da Allah ya halicce shi da ita. Sanin yadda iskar kabon ke fita bai rage mini mamaki ba ko kaɗan. Ƙara mini ya yi, domin ruwan da ke zubowa garau yake, ka ɗebo shi a kofi ba za ka ga ko ƙwayar yashi ba, amma dutse ne narke a ciki.

A gefe guda kuma, hannun mutum bai fita daga cikinsa ba har yau. Da bututu ruwan ke zuwa, irin wannan ruwan kuma yana toshe duk bututun da ya bi. Sai da masu kula famfon yake ci gaba da rayuwa.

Ƙasar ta wa ce, kuma me ya sa ake wanka kyauta a wurin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a wurina. Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin yankin sun san ruwan nan, suna zuwa jinya da hutawa. Daga baya ya faɗo cikin keɓaɓɓen yankin Wind River, inda gwamnatin Amurka ta tsugunar da ƙabilar Shoshone, sannan ta kawo Arapaho ta haɗa su. A ranar 21 ga Afrilu, 1896, wakilin gwamnati James McLaughlin ya ƙulla yarjejeniya da shugabanninsu, ciki har da Washakie na Shoshone da Sharp Nose na Arapaho. Suka saki fili mai kimanin mil goma kowane gefe, da maɓuɓɓugan a ciki, a kan dala 60,000. A 1897 majalisar Amurka ta amince, ta ba jihar Wyoming murabba'in mil ɗaya da ya kewaye babbar maɓuɓɓugar. Shi ne gandun da famfon yake ciki.

Washakie, wanda a lokacin tsoho ne tukuf kuma ya rasu a 1900, ya nemi a bar wani ɓangare na ruwan kyauta ga kowa. Ana riƙe da wannan har yanzu. Akwai gidan wanka na jiha inda ba a karɓar kuɗin shiga, an daidaita zafin ruwan a digiri 40, ana kuma so mutum ya fito bayan minti 20. Kusa da shi akwai wuraren ninƙaya na 'yan kasuwa, su ana biya.

Kowane watan Agusta garin kan yi biki da wasan kwaikwayo don tunawa da abin, suna kiran sa kyautar ruwa. Kalmar kyauta ce nake jin nauyinta. An yi cinikin ne a lokacin da aka riga aka ƙarar da ɓaunar daji da waɗannan mutane ke rayuwa a kanta, yunwa ta addabe su, har wani kaso na kuɗin a shanu da abinci aka tsara biyan sa. Mai jin yunwa in ya sayar da gonar gado, ba a cewa ya yi kyauta. Kyautar gaskiya da ke cikin labarin ita ce sharaɗin da tsohon ya roƙa, cewa kada a hana talaka ruwan. Ko sunan famfon ma daga tantin mutanensa aka aro, ya kamata mai ɗaukar hoto a gabansa ya san da haka.

Ruwan yana magani?

Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage ciwon gaɓoɓi na ɗan lokaci, kuma masu sanyin ƙashi sun daɗe suna zuwa Thermopolis saboda haka. Iyakar abin da zan tsaya a kai ke nan. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mace mai juna biyu su tambayi likita kafin su shiga kowane ruwan zafi, nan ko wani wuri.

Akwai irinsa a wasu garuruwa?

Akwai, kuma labarinsu yakan yi kama: mutum ya huda, ruwa ya gina. A garin Soda Springs na jihar Idaho, a 1937, masu haƙa suna neman ruwan zafi don wurin ninƙaya sai suka fasa taskar ruwa mai gas, ya yi tsiri sama. Aka sa masa makulli da agogo, yanzu kowace awa ɗaya ake sakin sa, ya kuma tara tudun dutse ruwan goro a tsakiyar gari. A arewacin Thermopolis kanta, masu neman man fetur a 1918 sun ci karo da ruwan zafi, bakin rijiyar ya yi nasa tudun.

A kudancin Faransa, garuruwan Aix-en-Provence da Salon-de-Provence kowanne yana da tsohon famfon da dutse da gansakuka suka haɗiye. Na Salon ya zama kamar katuwar lema. Na Aix ruwansa ɗumi ne, digiri 18, yana tururi da hunturu.

Inda babu hannun mutum kuwa, abin ya fi girma nesa ba kusa ba: fararen matakalan Pamukkale a Turkiyya, Hammam Meskhoutine kusa da Guelma a Aljeriya inda ruwan ke fitowa kusan a tafashe, da dogayen hasumiyoyin tafkin Abbe a iyakar Jibuti da Habasha.

Me ya sa Wikki ta Yankari ba ta yi irin wannan tudu ba? Kanwa fa?

Zafi kaɗai ba ya gina dutse, sai ruwan ya ratsa dutsen farar ƙasa ya ƙoshi da shi, ya kuma fito da gas mai yawa. Ruwan Wikki, mai ɗumin kusan digiri 31, daga ƙarƙashin dutsen yashi yake fitowa, shi ya sa kake ganin farin rairayi a ƙasansa.

Kanwa kuwa dangi ce ta nesa. Ita ma ruwa ke barin ta in ya ƙafe, kamar yadda ake samu a ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi, amma sinadarinta sodiyam ne. Ka jefa ta a ruwa ta narke, shi ya sa take shiga miya. Tirabatin zai kwana shekara a cikin kwano bai narke ba.

Zan iya yin irinsa a gida?

In ruwan rijiyarka mai zartsi ne sosai, ka bar famfo yana ɗiga a kan dutse shekara da shekaru, za ka sami farin ɓawo, wataƙila kaurin farce. Tudu kam sai da irin ruwan Thermopolis. Ni dai ban ga dalilin zubar da ruwan sha don wannan ba, a ƙasar da yara ke bin layin burtsatse da jarka tun asuba.

Ana taɓa shi? Zai iya lalacewa?

Da ido ake kallo. Sabon shafin da ke samansa laushi gare shi, takalmi na murƙushe shi, kuma wanda ya ɓantari guntu don tsaraba ya tafi da aikin shekaru a aljihu. A Pamukkale an ga abin da sakaci ke yi: an gina otal a kan tudun, aka janye ruwan zuwa wuraren ninƙaya, aka shimfiɗa titi ta tsakiyarsa, farin dutsen ya dushe. Bayan UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988 aka rushe otal ɗin, aka hana shiga da takalmi, aka koma juya ruwan daga wannan sashe zuwa wancan don ya sake faranta su.

Babban haɗarin da ke gaban famfon Thermopolis shi ne ƙishirwa. Ruwan da Big Spring ke fitarwa ya ragu in an gwada da awon da aka yi a da, kuma duk rijiyar da aka huda cikin taskar nan daga tulu ɗaya take sha. Ga gidajen wanka suna so, ga matakalan dutse masu launi da ke gangarawa kogin Bighorn su ma sai an jiƙa su. Ranar da ruwa ya daina bin jikin famfon, halittun da ke ba shi launi za su mutu cikin ɗan lokaci, ya koma fari, sannan toka-toka. Wyoming kuma ƙasar sanyi ce: ruwan sama zai shiga 'yan ramukan nan, ya daskare da dare ya kumbura, ya riƙa tsaga dutsen kaɗan-kaɗan kowane hunturu. A gandun akwai tsofaffin tudun tirabatin da maɓuɓɓugansu suka ƙafe tun da daɗewa, suna nan a bushe, ciyawa ta fito a tsagoginsu.